Kwana Arba'in na Ya Falmata a Bayan Dutse

Falmata 'yar Mala Ari ta yi shekara goma sha biyar tana aiki a likita, wato asibiti, kafin allurar lamba, rigakafin cutar agana, ta taɓa jikinta, kuma a duk tsawon shekarun nan babu wanda ya san haka cikin abokan aikinta.

Ita ba lokotoro mai duba marasa lafiya ba ce, ko ƙofar lekol, makarantar boko, ba ta taɓa takawa ba. Aikinta a wata ƙaramar likita da ke gefen Damagaram shi ne shara, da wankin ƙyallayen ɗaure miki, da dafa allurai a tukunya, da riƙe yara in za a yi musu magani. Doguwa ce, baƙa, mai tsagen Barebari, maganarta ba ta da yawa. Kowa a wurin Ya Falmata yake ce mata, har Manjo Idirisu, babban ma'aikacin da likitar ke hannunsa. Ita ke fara zuwa da safe, ita ke kulle ƙofa bayan la'asar, sannan ta taka da ƙafa ta koma Birni, tsohuwar unguwar garin, ta bi lungunan yashi har gidan ƙanenta Modu, inda take da ɗaki ɗaya kusa da zaure.

A gidan aka haife ta. Mahaifinta baduku ne, kakanninsa daga Barno suka zo. Ta yi aure sau biyu. Na farko bai daɗe ba, na biyu kuwa mijin, Usman mai fataucin fatu, ya rasu a hanyar Kano ya bar ta da ɗiya guda, ita ma ɗiyar ba ta kai yaye ba. Daga nan ba ta ƙara sha'awar aure ba, ta dawo gidan ubanta, wata maƙwabciya ta sama mata aikin shara a likita, ta riƙe shi hannu biyu.

Abin da ya raba ta da lamba tun tana 'yar shekara tara ya faru. A shekarar nan agana ta shigo gari, mutane na ta mutuwa. Mala Ari bai yarda da maganin Nasara ba, sai ya kira wani wanzami a ɓoye don ya yi wa 'ya'yansa irin tsarin da aka gada. Wanzamin kan ɗebo ruwan ƙurjin wanda cutar ta kama da sauƙi, ya tsaga hannun yaro ya shafa, da nufin yaron ya yi 'yar kaɗan ya huta. Da Falmata ta ga aska sai ta sulale ta zagaya bayan rumbu ta ɓuya. Ƙanwarta Lubabatu, 'yar shekara shida, ita ta tsaya aka tsaga mata. Bayan mako guda zazzaɓi ya rufe ta, ƙuraje suka feso har cikin baki da fatar ido, kwana goma sha shida ta rasu. Falmata ce ke kora mata ƙudaje da mafici daga bakin ƙofa, don an hana ta shiga. Tun daga ran nan ta sa a ranta cewa duk abin da ake tsaga hannu a zuba, ko na wanzami ko na likita, cuta ce ake shuka wa mutum da gangan.

Da ta fara aiki, ta ga yara dubbai an yi musu lamba sun tashi lafiya, da hannunta ma take riƙe su. Hankalinta ya yarda, amma jikinta bai yarda ba. Lokacin da aka yi babban gangamin lamba a ƙasa duka, aka zo da wata na'ura mai kama da bindiga ana bin unguwa-unguwa, sai ta ce an yi mata rasuwa a Hamdara, ta tafi ta yi kwana huɗu. Da ta dawo aka tambaye ta, ta ɗaga hannun riga ta nuna wani tabo a damtsenta na hagu. Tabon ƙunar mai ne da ya fallatsar mata tana suyar ƙosai tun tana amarya, amma zagayayye ne, daga nesa ba ya da maraba da lamba. Ba wanda ya matso ya duba.

Haka aka tafi har shekarun fari suka zo. Damina ta yi ta ƙaranci shekara bayan shekara, ta alif ɗari tara da saba'in da uku kuwa kusan ba a ga komai ba. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Rijiyoyin gari suka ja baya, mata na kwana biyu suna bin layi kafin su cika tulu. Daga arewa mutane suka yi ta gangarowa, Buzaye da Fulani da manoman da suka cinye irinsu, wasu da raƙumi guda da ya rage, wasu ba ko akuya. Suka kafa bukkokin tabarma da tsumma a filin da ke bayan unguwar Kara-Kara, hukuma na kawo musu jar dawa a kamyo, babbar motar kaya. Likitar su Falmata ita ce mafi kusa da filin, saboda haka duk wanda ya faɗi can, nan ake kawo shi.

Da bazarar shekarar da ta biyo, ana tsakiyar zafi, aka kawo wata mata da yaranta biyu jikinsu duk ƙuraje masu ruwa. Kafin mako ya zagayo sun zama mutum goma sha ɗaya, yawancinsu mata da yara. Manjo Idirisu ya duba su ɗaya bayan ɗaya. An riga an sanar shekaru huɗu da suka wuce cewa agana ta ƙare a ƙasar, amma shi ya ga agana da idonsa, kuma abin nan ya yi kama da ita fiye da yadda yake so. Ya sa aka kafa bukkoki uku na zana a bayan wani babban dutse, nesa da sauran mutane, aka kai su can, ya aika waya Yamai.

Wani lokotoro ya zo daga Yamai bayan kwana uku. Ya ɗebi ɓawon ƙurajen a 'yar kwalba ya ce za a aika ƙasar waje a auna, amsa kuwa za ta ɗauki makonni. Ya ce mai yiwuwa agana ce, mai yiwuwa ƙarambau ce ta sami jikin da yunwa ta cinye. Ya kuma ambaci wata cuta da aka fara gani a dazukan kudu, mai kama da agana, wadda ake zaton daga namun daji ake ɗaukarta, har ana laƙaba mata sunan biri. Ko wacce ce cikin masu kisan, in ji shi, lamba ɗaya ce ke tsare mutum. Ya bar kwalaben magani da allurai masu baki biyu, ya bar umarni cewa ba ma'aikacin da zai shiga bukkokin nan sai an sabunta masa lamba, ya hau mota ya koma.

Washegari Manjo ya tara ma'aikata a ƙarƙashin bishiyar bedi da ke tsakar likita. Su biyar ne da shi. Ya yi bayani, ya naɗe hannun rigarsa ya sa Dodo, mai yin allura, ya yi masa a gabansu, sannan shi ma ya yi wa Dodo. Amma su biyun maza ne, kuma dukan filin 'yan gudun yunwa na wuyansu. Abin da ake bukata mace ce da za ta zauna a bayan dutse dare da rana, ta wanke matan, ta ba yara abinci a baki, ba za ta dawo gida ba sai an sallami na ƙarshe.

Sakina ungozoma tana da ciki wata biyar, Manjo da kansa ya ce ba a yi wa mai ciki. Wasila, abokiyar sharar Falmata, ta sunkuyar da kai ta ce maigidanta ya rantse in ta yarda kada ta dawo masa gida. Ta ƙara da cewa ana faɗa a gari maganin ya lalace da zafi a hanya, kuma jikin da bai ƙoshi ba ba ya ɗaukarsa. Manjo ya ce ba gaskiya ba ne, amma bai matsa ba, don kowa a wurin ya san ba allurar kaɗai ake gudu ba. Wadda duk ta miƙa hannu, ita ce za ta bayan dutse. Ya dubi Falmata, ita kuwa ta dubi ƙasa. Aka watse ba a tsai da komai ba.

Kwana biyu aka yi a haka. A rana ta uku aka aiki Falmata ta kai kunu, aka ce ta ajiye a kan wani faffaɗan dutse ta juyo. Ta ajiye, amma ba ta juyo nan da nan ba. Ta ga wata tsohuwa ta fito daga bukka da rarrafe, ta jawo ƙwaryar da ƙyar, rabin kunun ya zube a yashi. A bakin ɗaya bukkar wata yarinya na kwance a rana, ƙudaje sun rufe mata fuska, ba ta da ƙarfin ɗaga hannu ta kore su, ba kuma wanda zai ja ta inuwa. Falmata ta tsaya daga inda aka ce ta tsaya tana kallo, hannunta na motsi shi kaɗai kamar mai fifita. Ta daɗe a nan har rana ta fara ƙona mata tafin ƙafa ta cikin takalmi.

Da ta koma ta tarar da Manjo shi kaɗai a ɗakin magani. Ta zauna a kan benci ta naɗe hannun riga. Ya ɗauko allura, ya kama damtsen yana neman tsohuwar lamba don ya yi sabuwar kusa da ita, sai ya tsaya. Ya shafa tabon da babban yatsa, ya juya hannun wajen haske.

"Ya Falmata, wannan ai ƙuna ce."

"Ƙuna ce, Manjo."

"Ba a taɓa yi miki ba ke nan?"

"Ba a taɓa ba."

Ya saki hannunta. Ta ɗauka faɗa zai yi, ko ya ce zai rubuta wa na sama. Sai kawai ya ajiye allurar ya zauna, ya tambaye ta dalili. Ta ba shi labarin Lubabatu a taƙaice, karon farko da ta faɗa wa wani tun rasuwar mahaifiyarta. Ya gaya mata gaskiya cewa abin da ke cikin kwalbar ba agana ba ce, wata 'yar'uwarta ce mai rauni, amma wanda aka yi wa karon farko yana babba yakan sha wuya, hannu zai kumbura, zazzaɓi zai zo wajen kwana na takwas. Ya ce in ta fasa ba zai riƙe ta a zuciya ba, ba kuma wanda zai ji daga bakinsa.

"Yi kawai," in ji ta. "In na tashi daga bencin nan ba zan dawo ba."

Ya tsoma allurar a magani ya caccaka mata sau goma sha biyar a wuri guda, da sauri, har ɗigon jini ya fito. Ba zafi sosai. Ita dai ta kafe ido a bango, gumi na zuba.

Ta je Birni ta ɗauko tabarma da zane biyu da butarta. Modu na zaure yana ɗinkin fata, ta gaya masa inda za ta. Ya ce, "Yaya, duk likitar nan ba kowa sai ke?" Ta ce ba kowa sai ita. Bai hana ta ba, bai kuma raka ta ba. Kafin la'asar tana bayan dutse.

Aikin da ta tarar ya fi abin da ta zata. Ruwa garwa biyu ake kawo musu a yini, a ajiye a kan faffaɗan dutsen nan, da shi za a sha, da shi za a yi wanka, da shi za a wanke tsumma. Ta koyi jiƙa ƙyalle ta goge mutum uku da abin da bai cika moɗa ba. Tana shafa musu shuɗin magani a ƙurajen da suka fashe, tana ɗura wa yara kunu da ludayi kaɗan-kaɗan, don bakinsu duk miki ne. Dodo kan zo da hantsi ya yi allura ya duba su, ya tafi cikin gaggawa don ɗaruruwa na jiransa a fili. Daga tafiyarsa sai ita kaɗai.

Abin da ya fi damunta rashin abokin magana. Yawancin majinyatan Buzaye ne daga can arewacin Tanut, ba sa jin Hausa sai kalma ɗai-ɗai, ita kuma ba ta jin nasu. Da hannu ake komai. In yaro na kuka ba ta san abin da yake kira ba. Matar da aka fara kawowa ta rasu a kwana na biyar da zuwan Falmata, ta riƙe mata hannu tana ta maimaita wata magana, tana dubanta da naciya, har numfashi ya tsaya. Falmata ba ta taɓa sanin abin da matar ta so a yi mata ba. Ita ta wanke ta, ita ta naɗe ta, maza biyu da aka yi wa lamba suka zo suka ɗauka.

Daga inda take tana jin kiran salla daga gari in iska ta juyo, tana hango mata da tuluna a kan hanya, ƙanana kamar tururuwa. Wani yini Dodo ya ce mata sojoji sun karɓi mulki a Yamai, gari duk ya ɗauka. Ta ce to, ta ci gaba da matse tsumma. Ba wanda ya zo daga Birni. Sau ɗaya aka ajiye mata ƙullin goro a kan dutse, Dodo ya ce daga Sakina ne.

Hannun kuwa yana ta aikinsa. A kwana na huɗu wurin ya tasa ya yi ja, yana ƙaiƙayi. A na shida ya zama ƙurji mai ruwa, cibiyarsa a lotse, daidai irin waɗanda ta gani a jikin ƙanwarta. Takan ɗaga ƙyallen ta duba sau goma a yini, tana laluben wuyanta da cikinta ko wasu sun fito. A na takwas hammatarta ta yi ƙululu, damtsen ya kumbura ya yi zafi kamar an ɗora garwashi. Ta gama rabon kunun rana da ƙyar, ta nufi inuwar dutse don ta ɗan zauna, ƙafafunta suka ƙi. Nan ta kwanta a yashi, rana tsaka, jiki na karkarwa.

Duk bayanin Manjo ya gudu daga kanta. Abin da ta sani kawai shi ne an tsaga mata hannu an zuba, ga shi kwana takwas, ga zazzaɓi, saura ƙuraje su feso. Ta yi kalmar shahada. Ta yi tunanin wa zai wanke ta, tunda ita ce mai wankan. Ba ta yi kuka ba, sai dai wani irin baƙin ciki ya danne ta, na cewa za ta mutu a wurin da ko sunanta ba wanda ya iya faɗa daidai.

Sai ta ji sanyi a goshi. Ta buɗe ido ta ga tsohuwar nan da ta gani tana rarrafe ran farko. Sunanta Gaisha, ƙurajenta sun fara bushewa, amma har yanzu ba ta iya miƙewa sosai. Ta jawo jiki ta zo da moɗa, ta jiƙa gefen mayafinta tana goge wa Falmata fuska da wuya, daidai yadda ta ga Falmata na yi musu. Ta ɗaga mata kai ta ba ta ruwa. Sannan ta kwance ƙyallen hannun ta duba ƙurjin da kyau, ta yi 'yar dariya ba haƙori, ta ture nata mayafin ta nuna wani tsohon tabo a damtsenta, ta nuna na Falmata, ta ɗaga yatsu uku, ta yi alamar barci, ta yi alamar tashi.

Kwana uku kuwa aka yi. A cikinsu Gaisha da wata budurwa da ta fara samun sauƙi su suka riƙa raba kunu, Dodo ya ƙara lokacin da yake yi, Manjo ya zo da kansa ya duba hannun ya ce lamba ta kama da kyau, ya bar mata ƙwayoyin zazzaɓi. A rana ta huɗu ta tashi da yunwa. Ta duba jikinta tun daga wuya har tafin ƙafa, ba ƙurji ko ɗaya sai na damtse, shi ma ya fara yin baƙin ɓawo. Ta zauna ta daɗe tana dubansa. Abin da ya zo mata ba murna ba ce tsantsa, har da jin haushin shekaru talatin da 'yan kai da ta yi tana ɗauke da tsoron abin da bai wuce zazzaɓin kwana uku ba.

Daga nan ita da Gaisha suka saba. In aiki ya lafa da la'asar sukan zauna a inuwar dutse, kowace ta yi ta magana da harshenta, ɗayar na gyaɗa kai. Falmata ta ba ta labarin Usman da ɗiyar da ta rasa da gidan Birni, abubuwan da ba ta taɓa zama ta faɗa wa mai jin Hausa ba. Ita ma tsohuwar takan yi nata, tana nuna arewa, tana ƙirga wasu abubuwa da yatsu tana sauke su ɗaya bayan ɗaya, ko raƙuma ne ko 'ya'ya, Falmata ba ta sani ba. Ta koyi kalmar ruwa da ta zafi da ta gobe a bakinsu, iyakarta ke nan.

An ƙara kawo mutum shida bayan na farko. Cikin goma sha bakwai, biyar suka rasu, huɗu daga ciki yara. Yarinyar da ta gani kwance a rana ta rayu, sai dai ido ɗaya ya tafi. A kwana na talatin da takwas Manjo ya zo da takarda a hannu, ya tsaya ya karanta mata: ba agana ba ce, ba kuma cutar dajin nan ba ce, ƙarambau ce ta haɗu da yunwa. Ya ce da an sani da ba a ware su haka ba, da ita ma ba ta sha wannan zama ba. Falmata ta ce da an sani ko ba a sani ba, sai an sami mai ba su kunu a baki. Bayan kwana biyu aka sallami na ƙarshe, aka cinna wa bukkokin wuta.

Ta yi wanka da sabulu, ta ƙona zannuwanta, ta sa sabon da Sakina ta aiko mata, ta koma Birni. Amma labarin takarda bai bi lungu ba kamar yadda labarin agana ya bi. Yaran gidan da suka saba rugowa su karɓi kayanta, aka janye su ciki. Ta tarar an fitar da randarta daga rumfa an ajiye a ƙofar ɗakinta, da moɗarta daban. Modu ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi mata sannu da zuwa, ya ce ta yi haƙuri na ɗan lokaci, mutane ne sai a hankali, masu sayen takalmansa ma sun ragu tun da aka ji inda take. Ta ce ba komai. A gidan suna ko biki in ta zauna sai tabarmar ta yi fili. Ba wanda ya faɗa mata baƙar magana, gaisuwa ce dai ta koma daga nesa.

Ta jure wata biyu. Ran da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, gari ya fito yana murna, yara na wasa a cikin kwata, ita tana zaune a ɗaki ta yanke shawara. Ta sami ɗaki a Kara-Kara, inda mazauna wurin suka saba da mutanen da gari ke gudu, ba kuma wanda zai tambaye ta inda ta kwana arba'in. Modu ya ce ba korarta ya yi ba, ta ce ta sani. Ya sa aka kai mata gadonta da akwatinta a amalanke.

Damina ta yi kyau a shekarar. Hukuma ta fara kwashe mutanen fili a kamyo tana mai da su garuruwansu. Falmata kan bi ta wurin in ta tashi aiki, takan tarar da Gaisha a bakin bukkarta su zauna kaɗan. Wata Talata ta je ta tarar layin bukkokin duka babu, sai duwatsun murhu da toka. Wani mai gadi ya ce motar Tanut ta tashi tun da hantsi. Ta tsaya kaɗan, ta juya ta tafi gida da ƙullin garin rogo da ta kawo mata.

Ta ƙara shekara tara a likita. Bayan abin nan, duk lokacin da aka kawo wata sabuwar allura aka ce ma'aikata su fara, takan miƙa hannu ba tare da an kira sunanta ba, ba ta kuma yi wa kowa wa'azi a kai. In sabuwar ma'aikaciya na noƙewa, iyaka ta ce mata zazzaɓin kwana uku ne, ta ci gaba da shararta. Manjo Idirisu ya riƙe sirrinta har aka yi masa canji zuwa Mirya. Mutanen Birni sun manta da zancen a hankali, Modu ya yi ta aiko a ce ta dawo, takan je da salla ta yini ta koma. Ta riga ta saba da ɗakinta da awakinta biyu da maƙwabtan da ke kawo mata yara in sun yi zazzaɓi, don a unguwar ita ce likita.

Gwiwa ce ta sa ta ajiye aiki. Fari na biyu ya same ta a zaune, ba ta iya zuwa ko bakin hanya. Ta rasu da bazarar alif ɗari tara da tamanin da biyar, ran wata Alhamis da hantsi, wata maƙwabciya da ta kawo mata koko ita ta tarar da ita. Mutanen unguwa suka yi mata sutura, Modu da 'ya'yansa suka iso ana shirin ɗauka. Manjo Idirisu, wanda shi ma ya yi ritaya a lokacin, bai ji ba sai bayan mako biyu. Ya shigo motar kasuwa daga Mirya, ya yi tambaya har aka nuna masa gidan. Ya tarar wani tela ya riga ya kama ɗakin, ya kafa kekensa a bakin ƙofa. Telan ya ba shi kujera da ruwa, ya ce shi bai san matar ba, baƙo ne a unguwar. Manjo ya zauna ya yi mata addu'a, ya ɗan jima yana kallon telan na ɗinki, sannan ya tashi don kada motar yamma ta bar shi.